Sha biyar da sha biyar, ko sha biyu da sha takwas?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu lissafi ku kawo ɗauki, tun bayan la'asar ni da yaron nan muke kan tambaya guda har miyata ta kama. Aji biyu yake a babbar sakandare. Ga tambayar yadda ya juya mini ita da Hausa: wani maƙeri yana da tagulla iri biyu. Ta farko kashi 45 cikin ɗari na jikinta jan ƙarfe ne, ta biyu kuma kashi 70. Yana so ya narka su wuri guda ya fitar da kilo 30 mai jan ƙarfe kashi 60. Kilo nawa zai ɗiba a kowace? Shi dai ya rubuta 15 da 15, malaminsu ya ja masa jan biro, ko kalma ɗaya bai rubuta masa ba. Ni fa ban ga laifin yaron ba. 15 da 15 ba 30 ba ne?

Ɗan Kwangila: Wa alaikumus salam Hajiya. Talatin ne mana. Raba daidai, ba cuta ba cutarwa. Malaman yanzu sai a hankali.

Bakanon Sabon Gari: Ku tara 45 da 70 ku raba biyu, 57 da rabi ke nan. Tsakaninsa da 60 biyu da rabi ne kacal, mu a Kwari ko ragi ba ma kiran wannan. Amma tunda garin 'yan boko muke ci-rani, bari mu jira Zage-zagi su zo su yi mana lacca.

Malam Na-Tudu: Wa alaikumus salam. Maman Hanif, a kan maki malamin yana da gaskiya, inda ya gaza shi ne rashin bayani. Bakano kuwa ya tona asirin amsar bai sani ba: 15 da 15 kashi 57 da rabi yake bayarwa, tambaya kuma 60 ta nema.

Sharaɗi biyu ne a cikin tambayar, Hanif ya cika ɗaya ya bar ɗaya. Na farko, jimlar nauyi ta zama kilo 30. Na biyu, jan ƙarfen da ke cikin kilo 30 ɗin ya zama kashi 60, wato 0.6 sau 30, kilo 18 cif. Ki ce masa ya ɗauke ido daga kan kashi kaza kashi kaza, ya bi sawun jan ƙarfen shi kansa. Ba kashi ake zubawa a kasko ba, kilo ake zubawa.

Abin da za a ɗiba daga ta farko mu kira shi x. Na ta biyu ya zama 30 − x. Ta farko za ta kawo jan ƙarfe 0.45x, ta biyu za ta kawo 0.7(30 − x). Abin da ya shiga kasko shi zai fito:

0.45x + 0.7(30 − x) = 18
0.45x + 21 − 0.7x = 18
0.25x = 3
x = 12

Kilo 12 daga mai kashi 45, kilo 18 daga mai kashi 70. Kada ya ajiye biro sai ya gwada: kilo 12 zai ba da jan ƙarfe 5.4, kilo 18 zai ba da 12.6, a haɗa 18. Ya fita.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri Malam. Ya ce ya gane komai ban da inda 30 − x ta faɗo.

Malam Na-Tudu: Ki tambaye shi: in aka aike shi awon shinkafa da wake tiya 30 gaba ɗaya, ya auno shinkafa tiya 20, waken nawa ya rage? Yadda ya yi ya sami 10, shi ne 30 − x. Bai dai taɓa rubuta shi da harafi ba.

Baba Maƙerin Fari: Salamu alaikum. Jikana ne ke buga mini wannan, idona ya daina ganin ƙananan baƙaƙe. Ni maƙerin fari ne a cikin birni, gado na yi, azurfa da tagulla su ne abincinmu, ƙarfen garma da fartanya na maƙeran baƙi ne. Na sa an karanto mini bayanin Malam har sau biyu. Amsarsa daidai ce, amma ya zagaya ta Wusasa zai je Ƙofar Doka.

Mahaifina bai taɓa jin sunan x ba, ga yadda ya koya mini. Ka tsaya a kan 60, inda kake son zuwa. Ka waiwaya, 45 tana bayanka da taku 15. Ka duba gaba, 70 tana gabanka da taku 10. Sai ka yi musu musaya, ka ba mai 45 rabo 10, ka ba mai 70 rabo 15. Goma da sha biyar ai biyu da uku ne. Ka kasa kilo 30 gida biyar, kowane gida 6. Gida biyu 12, gida uku 18. Kafin yaro ya gama zuga wuta na gama wannan a kaina.

Bakanon Sabon Gari: Allah ya ja kwana Baba! Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimin Zariya ba zai hango ba. Malam a tattara alli a koma gida.

Malam Na-Tudu: Ranka ya daɗe Baba, hanyarka ingantacciya ce, kuma tana cikin tsofaffin littattafan lissafin kasuwanci. Ba na musun ta. Tsorona a kan ɗalibi ne. Shekara da shekaru ina gaban allo, in na koyar da musayar nan, ranar jarrabawa sai ka ga yara sun haddace zanen sun manta su juya, su rubuta 18 a gurbin 12. Sannan mai duba takardar WAEC a kan matakai yake raba maki. Wanda ya kafa lissafinsa daidai ya yi tuntuɓe a ƙarshe yana samun wani abu. Wanda ya jefa amsa tsirara ta zo ba daidai ba, ya tashi a tutar babu.

Baba Maƙerin Fari: Wanda ya manta musaya bai taɓa asarar azurfarsa ba ne. Hankali ma ya isa ya gaya maka: wadda ta fi kusa da abin da kake nema ita za ka fi zubawa. 60 ta fi kusa da 70, to yaya za a yi mai 45 ta fi yawa?

Malam Na-Tudu: Wannan jimlar ta ƙarshe na karɓa hannu bibbiyu, gobe ma da ita zan buɗe darasi. Amma in aka zo tagulla iri uku fa, ko aka ce an cire wani sashe an musanya da wani? Nan taku ba ya kai mutum.

'Yar Samaru: Salam. Baba da Malam ku yi haƙuri in sa baki, ni ƙaramarku ce, ina ajin ƙarshe a sashen nazarin ƙarafa a nan jami'a. Gardamar da kuke yi, hanya ɗaya ce ta sa riga biyu.

Ku ɗauki kilo ɗaya na mai kashi 45. Jan ƙarfen cikinsa giram 450 ne, ana son 600, yana da giɓin giram 150. Kilo ɗaya na mai kashi 70 yana da 700, rarar giram 100 ke nan. Haɗin ba zai tsaya a kan 60 ba sai rarar wannan ta cike giɓin wancan daidai wa daida. Kilo 12 sau 150 ya ba da 1,800. Kilo 18 sau 100 ya ba da 1,800. Tunda giɓin kowane kilo ya fi rarar kowane kilo girma, dole masu rara su fi yawa, daga nan musayar Baba ta samo asali. In kuma aka rubuta 15x = 10(30 − x), an dawo gidan Malam, x zai fito 12.

Malam Na-Tudu: Madalla da Injiniya. Wannan rubutun ma ya fi nawa sauƙi, babu ɗigo a ciki.

Ɗan Kwangila: To ni har yanzu ban ga ranar da wannan zai amfane ni ba. Wa ke narka kilo 30 na tagulla a gidansa?

Hajiya Mai Atamfa: Ni zai amfane ni yau ɗin nan. Tun ɗazu nake karantawa ina jiran a zo inda ya shafe ni. Ina da 'yan kunne da zobe tun na lefena, giram 12 gaba ɗaya, bugun 750 ne a jikinsu, wato karat 18. Ina so in sa a narka a yi wa 'yata sarƙa, kuma ita 21 take so kamar na ƙawayenta. Na je wajen wani mai shago, ba zan faɗi inda yake ba, ya ce in sayi giram 10 na 21 a wurinsa, in ya haɗa duka zai koma 21. Zuciyata ba ta kwanta ba na taho. Malam ka duba mini.

Ɗan Kwangila: Daga 18 zuwa 21 uku ne. Ki ƙara giram 3 na mai kyau Hajiya, an gama.

'Yar Samaru: Yaya Ɗan Kwangila, karat ka cire daga karat ka kira sakamakon giram. Kamar a cire awa daga awa ne a ce saura naira uku.

Malam Na-Tudu: Hajiya Allah ne ya taimake ki da kika taho. Karat kaso ne cikin 24. Karat 18 shi ne 18 cikin 24, kashi 75 cikin ɗari, shi ya sa ake buga 750. Karat 21 kashi 87.5 ne, bugunsa 875. Karat 22 kusan kashi 91.7, shi ne wanda za ki ga an buga 916. Ana iya yin lissafin da karat ɗin kai tsaye.

Maganar mai shago: 18 sau 12 ya ba da 216, 21 sau 10 ya ba da 210, jimla 426. A raba da giram 22, za ki tashi da karat 19 da ɗan ɗoriya, kusan 19.4. Abin da ya fi wannan ban sha'awa, ko giram dubu na 21 kika zuba ba za ki kai 21 ba. Rubuta ki gani:

216 + 21x = 21(12 + x)
216 + 21x = 252 + 21x

Cire 21x a kowane ɓangare, sai ya rage 216 = 252. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ita ce hanyar da lissafi ke cewa abin ba zai yiwu ba. Ruwan ɗumi ba ya kai ruwan sanyi ga ɗuminsa, sai dai su haɗu a tsakiya.

Da 22 kuwa zai yiwu: 216 + 22x = 252 + 21x, x ya zama giram 36. Da gwal zalla, karat 24: 216 + 24x = 252 + 21x, 3x = 36, x ya zama giram 12.

Hajiya Mai Atamfa: Giram 36! Inna lillahi. Ninki uku na abin da ke hannuna fa ke nan. Wannan ai ba gyaran tsohuwar sarƙa ba ne, sabon lefe ne.

Baba Maƙerin Fari: Haka yake 'yata. Daga 18 zuwa 21 taku uku, daga 21 zuwa 22 taku ɗaya, a yi musaya, ɗaya da uku. Sauke gwal ƙasa ba wuya, ɗan jan ƙarfe kaɗan ya isa. Hawa da shi sama ne tsada. Shawarata, ko ki bar shi a 18 ɗinsa, ya ma fi 21 ƙwari wajen sawa kullum, ko ki sayar a matsayin 18 ki cika kuɗi ki sayi 21 ƙerarre. In kuma narki za ki yi, ki tsaya a gabanki a auna kafin a zuba da bayan an fitar, a goga a dutsen gwaji a ɗiga masa ruwan gwaji ki gani da idonki.

Bakanon Sabon Gari: Mai shagon nan dai ba mutumin garinmu ba ne, kafin ma a fara.

Hajiya Mai Atamfa: Tunda ban tambaye ka ba ka amsa, shi ke nan.

Maman Hanif: Hanif na tambaya, da Baba ya ce ana sauke gwal da jan ƙarfe, shi jan ƙarfen karat nawa za a sa masa a lissafi?

Malam Na-Tudu: Sifili. Tambaya mai kyau, a nan yara da yawa ke tsayawa suna neman lambar da ba a ba su ba. In gwal kake bin sawu, gwal zalla kashi 100 ne, duk abin da ba gwal ba sifili ne. Misali giram 18 na karat 22, ana so ya koma 18. Gwal ɗin ciki giram 16.5 ne, kuma ba zai ƙaru ba ba zai ragu ba. Ana so ya zama kashi 75 na sabon nauyi, 16.5 a raba da 0.75 ya ba da 22. Giram 4 na jan ƙarfe za a ƙara.

Baba Maƙerin Fari: Bari in ba Malam tawa, mu ga ko x za ta ɗauka. A zamanin iyayenmu azurfar da ake yi wa mata mundaye da ita daga liyari ake samunta, kuɗin nan mai hoton wata sarauniyar Turawa da aka rubuta 1780 a jikinsa. Nauyinsa wajen giram 28, in ka kasa shi shida, biyar azurfa ne ɗaya jan ƙarfe. Yanzu masu saye azurfa mai bugun 925 suke tambaya. Azurfa zalla nawa zan ƙara wa liyari ɗaya ya kai?

'Yar Samaru: Baba wannan tawa ce. Sarauniyar sunanta Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya, 1780 shekarar rasuwarta ce, an ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar bayanta. Ni ba azurfar zan bi ba, abin da ba ya motsi zan bi. Jan ƙarfen ciki 28 a raba 6, giram 4.67. Shi ba za a ƙara shi ba. A 925 abin da ba azurfa ba kashi 7.5 ne. To wane nauyi ne kashi 7.5 ɗinsa ya zama 4.67? A raba 4.67 da 0.075, kusan giram 62.2. Cire 28, saura wajen giram 34.2. Azurfar da za ka ƙara ta fi liyarin kansa nauyi.

Baba Maƙerin Fari: Allah ya yi miki albarka. Shi ya sa ba wanda ke yi.

Amma Malam kada ka ɗauka na sallama. Da farko ka ce abin da ya shiga kasko shi zai fito. Wannan maganar wanda bai taɓa zama gaban zugazugi ba ce. Ka narka tagulla ka ga farin hayaƙi na tashi, ka ga farin gari kamar toka yana manne wa bakin kasko. Ka auna kilo 10 ka zuba, in wutar ta yi yawa ko ka daɗe, ka fitar ka auna ka ga ba 10 ba ne. Launinta ma sai ya ja zuwa ja. Ina x ɗinka ta sa wannan?

Malam Na-Tudu: Littafi yana ɗauka cewa babu asara, ranka ya daɗe. Ba ƙarya yake yi ba, sauƙaƙawa yake yi don yaro ya fara tsayawa da ƙafarsa.

Baba Maƙerin Fari: To a riƙa gaya wa yaron sauƙaƙawa aka yi.

'Yar Samaru: A nan ina bayan Baba. Tagullar da yake nufi haɗin jan ƙarfe ce da tutiya. Tutiya ita ce farin ƙarfen da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa, ita ce kuma kwanson batirin tocila na da. Jan ƙarfe sai zafi ya kai digiri 1,085 yake narkewa, ita kuwa tutiya a 907 tafasa ma take yi ta zama tururi. Farin hayaƙin da Baba ke gani tutiyar ce ke ƙonewa a iska, kuma shaƙarsa na sa zazzaɓi, a riƙa narki a fili.

Sai dai Baba, wannan ma lissafin na iya ɗaukarsa in aka gaya masa. A ce kilo 10 ne mai jan ƙarfe 7 da tutiya 3, a ce an fitar an sami 9.6, kuma abin da ya tafi duk tutiya ce. Jan ƙarfe na nan 7 ɗinsa, 7 a raba da 9.6 ya kai kusan kashi 73. Ga dalilin da launi ke ja zuwa ja. Masu narki a masana'antu sukan zuba tutiyar daga baya, su kuma ɗan ɗara a kan abin da takarda ta ce, saboda sun san wani abu zai bi iska.

Ɗan Kwangila: In ba sikeli fa? Ba sai a auna da gwangwani ba, ɗaya na wannan ɗaya na wancan, rabi da rabi?

'Yar Samaru: Kashin da ake faɗa a ƙarafa na nauyi ne, ba na cika ba. Ɗan dunƙulen gwal mai santimita ɗaya ta kowace fuska giram 19.3 ne, na jan ƙarfe mai girmansa bai kai giram 9 ba. In ka haɗa su girma ɗaya, gwal ya haura kashi 68, karat 16 da wani abu, ba 12 da kake zato ba.

Mai Gyaran Waya PZ: Tunda an zo nan bari in gwada ilimin da na kwasa. Dalmar da muke liƙa waya da ita an rubuta 63/37 a jikin naɗin, kuza 63, dalma 37. Na duba, kuza na narkewa a 232, dalma a 327. Na yi irin na Malam, 0.63 sau 232 da 0.37 sau 327, ya ba ni kusan 267. Amma a kwalin 183 aka rubuta. Ni na yi kuskure ko masu kwali?

Malam Na-Tudu: Ninkawarka daidai ce, wurin da ka kai ta ne ba nata ba. Injiniya bisimilla.

'Yar Samaru: Masu kwali ne da gaskiya. Lissafin haɗi yana aiki a kan abin da ake tarawa, wato nauyi. Giram da giram suna haɗuwa su ba da giram. Zafin narkewa ba a tara shi. Kuza da dalma in sun gauraya kowanne na hana ɗan'uwansa daskarewa, sai haɗin ya narke a ƙasa da su duka biyun, kuma a wajen 63 da 37 ne yake kaiwa mafi ƙasa, 183. Shi ya sa aka zaɓi wannan haɗin don kada zafi ya ƙona allon waya. Haka ƙwari, haka launi, ba sa bin wannan lissafin.

Kuma don Allah ka riƙa wanke hannu kafin ka ci abinci, kada yara su yi wasa da guntayenta. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu saboda ana daka duwatsun zinari masu dalma a cikin gidaje.

Maman Hanif: Subhanallah. To tukunyar dalma da muke girki da ita fa?

Baba Maƙerin Fari: Suna ne kawai ya bi ta, sanholo ce, da gwangwanaye da tsofaffin kayan mota ake zuba ta. Abin dubawa shi ne tarkacen da mai zubin ya haɗa.

Alaramma Gyallesu: Salamu alaikum, na dawo daga masallaci na tarar da saƙo ya taru. Ina jin Baba yana yi wa x kallon baƙon Bature. Ba baƙuwa ba ce ranka ya daɗe. Sunan fannin ma, wato aljabra, daga littafin Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ya fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun, a kan aljabru da muƙabala. Jabru shi ne ɗori, mayar da abin da ya karye. Duk wanda ya yi karatun tsarki a zaure ya san shafa a kan jabira, asalinsu ɗaya. Babban sashe na littafin ma a kan wasiyya da rabon gado yake. Shi da zance ya rubuta nasa, abin da ba a sani ba yana kiransa abu, haruffa daga baya suka zo.

Kuma ga inda zai shafi masu ajiya. Nisabin zinari misƙali 20 ne, malaman zamani da dama sun ƙiyasta shi da giram 85 na zalla. A wannan ƙiyasin mai karat 21 sai ya kai wajen giram 97, mai 18 wajen 113. A Malikiyya kayan adon da mace ke sawa ba a fitar musu da zakka, maganar na ajiya ne da na kasuwa.

Baba Maƙerin Fari: To in da zance ya rubuta, ai hanyata ya bi. Malam ne ya kawo bidi'a.

Malam Na-Tudu: Na karɓi laifi Baba. Hanif, karɓi wayar Mama, ga taka. Tagulla ta farko jan ƙarfe da tutiya 3 da 2 ne. Ta biyu 7 da 3. Ana son kilo 30 mai 2 da 1. Ka bi hanyar da ka ga dama, amma ka nuna mini gwaji. Manya a yi shiru, musamman Injiniya.

Bakanon Sabon Gari: Ni dama ban yi niyya ba.

Maman Hanif: Malam, Hanif ne ke rubutu. Na raba 3 da 2 ya ba ni 1.5, wato kashi 150. Ya fi ɗari. Ko tambayar ce da kuskure?

Malam Na-Tudu: Da ka tsaya da ka ga 150, ka yi abin da ya fi rabin aikin. In Mama ta dafa shinkafa gwangwani 3 da wake gwangwani 2, gwangwani nawa ke cikin tukunya?

Maman Hanif: Biyar. Oho. Ta farko 3 cikin 5 ne, ta biyu 7 cikin 10, wadda ake so 2 cikin 3. Jan ƙarfen da ake nema kilo 20. Na rubuta 0.6x + 0.7(30 − x) = 20, sai 21 − 0.1x = 20, x ya zama 10. Kilo 10 da kilo 20. Gwaji: ta farko jan ƙarfe 6 tutiya 4, ta biyu 14 da 6, jimla 20 da 10. Na gwada ta hanyar Baba ma amma takun ya zo da ɗigo mai yawa, 6.67 da 3.33, sai na bari.

Baba Maƙerin Fari: Ɗigon me? Ka mai da su duka cikin talatin, 18 da 21, ana neman 20. Taku biyu, taku ɗaya, ka juya. Hajiya ki turo mini shi ranar Asabar bayan hantsi, akwai tsofaffin famfunan tagulla da zan narka, ya zo da littafinsa ya riƙe mini sikeli.

Maman Hanif: In sha Allahu Baba, zan gaya wa babansa. Ya zo da takalmi rufaffe ko?

Baba Maƙerin Fari: Rufaffe, kuma ba rigar leda ba.

Hajiya Mai Atamfa: Baba ni ma ina tafe da 'yan kunnen nan a auna mini. Ƙarfe nawa za ku fara?